Daga Kainji zuwa Kandaji: wa ke riƙe da ruwan wa?

A farkon watan Agustan 2023, mako guda bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take tura wa Nijar. Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga ɗauke wuta ba ƙaƙƙautawa, tun da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin lantarki na Nijar, NIGELEC, ke rabawa daga Najeriya take zuwa. An ɗauki abin a matsayin takunkumin ECOWAS, aka yi ta ja-in-ja kan ko ya dace ko bai dace ba, har aka ɗage shi a farkon 2024. Amma akwai wani ɓangare da ba a tsaya a kansa sosai ba. Duk sa'adda 'yan Najeriya suka yi ƙorafin yadda ake ba maƙwabta wuta alhali gida na cikin duhu, amsar da jami'an lantarki suka saba bayarwa ɗaya ce: ana ba su ne don kada su datse kogin Neja kafin ya iso madatsar lantarki ta Kainji a Najeriya. Wuta ake bayarwa, a karɓi ruwa. Layin da aka ja daga Birnin Kebbi zuwa Yamai a 1976, da wanda ya biyo baya daga Katsina zuwa Gazawa, su ne igiyar da ta ɗaure wannan ciniki shekara da shekaru. Ranar da aka katse su, duk wani ɗan Nijar da ke cewa a gina madatsar Kandaji a kan kogin a cikin Nijar ko ta halin ƙaƙa ya samu hujjar da babu mai iya ture ta.

Don a gane nauyin wannan magana, sai an bi kogin daga tushe.

Kogin Neja yana ɓullowa ne daga tsaunukan Gini, kusa da iyakar Saliyo, wajen kilomita 240 kacal daga teku. Maimakon ya gangara tekun, sai ya juya mata baya ya nufi hamada. Ya ratsa Bamako da Segu, ya bazu a wata makekiyar fadama tsakanin Mopti da Timbuktu, ya karya kwana ta Gao, ya shiga Nijar ta yankin Tilaberi, ya wuce Yamai da Gaya, ya shigo Najeriya ta Kebbi, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, sannan ya faɗa teku bayan tafiyar kusan kilomita 4,200. Ƙasashe 9 ne ke da hannu a ruwansa ko a rassansa: Gini, Mali, Nijar, Benin, Najeriya, Kamaru, Chadi, Burkina Faso da Kwaddibuwa.

Wannan doguwar kewayawa ce ta sa Kainji ke samun cika sau biyu a shekara. Ta farko ita ce farin ruwa, wanda ke zuwa daga Agusta zuwa Oktoba, ruwan damina ne na nan kusa, na Rima da Sakkwato da Zamfara da rafukan Burkina da Benin, mai ɗauke da laka. A Yamai ma suna ganinsa, sai dai can ja yake zuwa saboda jar ƙasar da kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ke kwasowa. Ta biyu ita ce baƙin ruwa. Shi ruwan sama ne da ya zuba a Gini tun watan Agusta da Satumba, ya shiga fadamar Mali ya kwanta, laka ta zauna, rana ta shanye kusan kashi 40 cikin 100 nasa, abin da ya rage ya lallaɓo ya iso Yamai wajen Janairu, ya ƙarasa Kainji ana tsakiyar hunturu. Wannan ruwa na biyu shi ne ran Kainji da Jebba a lokacin rani. Injinan Kainji masu ƙarfin megawat 760 da na Jebba masu 578 da shi suke juyawa sa'adda babu ɗigon ruwan sama a ko'ina a arewa. Manomin shinkafar rani a bakin kogi a Kebbi, wanda ya tsoma tiyon injinsa a watan Fabrairu, ruwan da ya zuba a kan wani ƙauyen Gini wata biyar ko shida da suka wuce yake ja. Duk wanda ya taɓa wannan ruwa a hanya, ko a Gini ne, ko a Mali, ko a Nijar, ya taɓa lantarkin Najeriya da tukunyar Kebbi.

Kuma an riga an fara taɓawa tun kafin a san za a yi Kainji. Turawan Faransa sun kafa hukumar noman rani ta Office du Niger a Mali tun 1932, suka kammala madatsar Markala a 1947 don karkata ruwa zuwa gonakin auduga da shinkafa. A lokacin cikar kogi abin da Markala ke ɗiba bai taka kara ya karya ba, amma a watannin bazara yakan haura rabin ruwan da ke wucewa ta wurin. Mali ta ƙara da madatsar Selenge a kan reshen Sankarani a farkon shekarun 1980. Najeriya kuwa ta kammala Kainji a 1968, ta tashi mutum sama da 40,000, tsohon garin Busa ya nutse aka gina sabo, garuruwan ƙasar Yawuri da dama suka yi ƙaura. Nijar kuwa ba ta da babbar madatsa ko ɗaya a kansa.

Kandaji

A watan Yunin 1985, bayan shekarun fari, kogin ya tsaya cik a Yamai. Babban birnin ƙasa, wanda da wannan kogi yake sha, ya wayi gari yashi ya raba ruwan gida-gida. Daga baya aka gina ɗan shinge a Gudel don tare ruwan famfo. Wanda bai san wannan ba ba zai fahimci dalilin da ya sa kowace gwamnati a Nijar, ta soja ko ta farar hula, ke rantsuwa da Kandaji ba. Wutar megawat 130 da za ta samar tana da muhimmanci, haka ma hekta 45,000 na noman rani da aka tsara, amma alƙawarin da ya fi shiga zuciya shi ne cewa ko a ƙarshen bazara ruwan da ke wucewa ta Yamai ba zai gaza kubik mita 120 a daƙiƙa ba.

Wurin yana wajen kilomita 180 arewa maso yammacin Yamai, kusa da iyakar Mali. Tandja Mamadou ya aza harsashi a 2008. Aka ba wani kamfanin Rasha kwangila, ya kasa, aka soke a 2013. A 2019 Mahamadou Issoufou ya sake ƙaddamar da aikin a hannun kamfanin Gezhouba na China, wanda shi ma ya dakata a Agustan 2023 da masu ba da bashi suka rufe aljihu bayan juyin mulki. Ga kuma dubban mutanen da za a tayar, har da garin Ayoru.

Shin Kandaji za ta kashe Kainji, kamar yadda ake yaɗawa a Najeriya? Lissafi bai nuna haka ba. Tafkinta zai riƙe kubik mita biliyan 1.5 ko ɗan sama da haka. Tafkin Kainji yana riƙe biliyan 15, kuma ruwan da ke wuce Yamai a shekara ya haura biliyan 20. Ruwan da ya juya injin lantarki kuma ba ya ƙonewa, yana fita ta ƙasa ya ci gaba da tafiyarsa. Hasali ma madatsar da ke tara ruwa lokacin cika ta sake shi da bazara tana iya amfanar na ƙasa da ita, kamar yadda Selenge ke ƙara wa kogin ruwa a Bamako lokacin da ya fi ƙanƙancewa. Asarar gaske a wurare biyu take. Ɗaya ita ce rana, wadda a wannan yanki take iya shanye zurfin mita 2 daga saman tafki a shekara. Ɗayar kuma noman rani, domin ruwan da shinkafa da rake suka sha ya tafi ke nan. To sai a haɗa Kandaji da madatsar Tawsa da Mali ke son ginawa kusa da Burem, da ta Fomi da Gini ta daɗe tana shiri a kan reshen Niandan, da burin Mali na faɗaɗa gonakin Office du Niger. Kowace ɗaya ita kaɗai ana iya jure ta. A haɗe ne baƙin ruwa zai rame.

Saboda haka a ganina tambayar a gina ko kada a gina ta wuce. Shugabannin ƙasashen kogin, har da Najeriya, sun riga sun amince da shirin da ya ƙunshi waɗannan madatsu uku a taron Yamai na 2008. Abin da ya rage shi ne tambayoyin da ba su da daɗin hawa mumbari: a wane wata za a cika tafkin, nawa za a saki a Afrilu da Mayu, idan aka yi shekarar fari wa zai fara rage nasa, kuma wa zai je ya duba cewa abin da aka rubuta shi ake yi.

Ƙananan gulabe

Najeriya tana son ganin kanta a matsayin wadda ke ƙasa, wadda ake iya zalunta. A kan kogin Neja da Binuwai haka ne. Amma a duba iyakar Katsina da Maraɗi.

Kogin Gada yana tasowa daga cikin Najeriya, ya bi ta Jibiya, ya ƙetare iyaka ya zama Gulbin Maraɗi. Ya ciyar da tafkin Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya yi kwana ya dawo Najeriya ta yankin Sabon Birni ya shiga Rima. Ba kogi ne mai gudu duk shekara ba. Amfaninsa shi ne ya cika da damina ya malala a kwari, ya bar danshi da taki, ya kuma cika ruwan da ke kwance a ƙarƙashin yashi. Da wannan ruwa na ƙasa masu lambun Jiratawa ke noman zogale da kayan miya da rani. Da Najeriya ta gina madatsar Jibiya wajen ƙarshen shekarun 1980, mai riƙe kubik mita miliyan 140 da ɗoriya, mutanen kwarin Maraɗi suka fara kukan cewa gulbi ba ya zuwa kamar da, malalarsa ta ragu, rijiya ta ƙara zurfi. Mai lambu a can ba ya bukatar rahoton masana, tsawon igiyar gugarsa da kuɗin man da injinsa ke sha sun ishe shi shaida. Wani abin dariya kuma shi ne, ruwan da aka hana Maraɗi an hana madatsar Goronyo ne, tun da can zai ƙare.

A matsa yamma kaɗan, sai labarin ya juye. Kwarin Magiya daga Nijar yake tasowa, ya biyo ta Birnin Ƙonni ya ƙare a tafkin Kalmalo kusa da Illela. Nijar ta gina madatsun Mozage da Zango don shayar da gonakin rani na Ƙonni masu faɗin hekta sama da 2,400. Albasa da alkama da tumatir suka yi kyau a can, Kalmalo kuma ya ja baya, noman ranin da ake yi a bakinsa ya durƙushe. Illela da Ƙonni kuwa kasuwa ɗaya suke ci, aure ɗaya suke yi.

A gabas kuma Najeriya ce ke sama. Kogin Haɗeja da na Jama'are su ke haɗuwa su zama Komadugu Yobe, wanda ƙarshensa shi ne iyakar Najeriya da jihar Difa kafin ya shiga tafkin Chadi. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun ba Kano ruwan sha, sun raya Kadawa da Kura, amma sun sauya yadda ruwa ke isa Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Ruwa ya daina zuwa da ƙarfi lokaci guda ya janye, ya koma tsiyaya duk shekara, ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsayen jan-baki suka samu mafaka. Na can ƙarshen layi, masu noman tattasan Difa da ake lodawa zuwa kasuwannin Najeriya, su ke karɓar abin da ya rage. Wannan ne ma ya sa duk sa'adda aka ta da maganar madatsar Kafin Zaki a Bauchi, Yobe da Borno ke tashi tsaye.

Ƙasashen biyu sun san da wannan duka. Tun 1971 suke da hukumar haɗin gwiwa mai hedikwata a Yamai, kuma a ranar 18 ga Yulin 1990 suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kwaruruka huɗu: Magiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da ƙarshen Komadugu Yobe. Takarda ce mai kyau. Ta ce kowace ƙasa tana da haƙƙin kaso na adalci, a riƙa musayar bayanai, kada a fara aikin da zai taɓa ruwan maƙwabci sai an sanar da shi an tattauna. Matsalarta ita ce ta zo bayan an riga an zuba kankare a Tiga da Mozage da Jibiya, kuma masu riƙe da makullan ƙofofin nan hukumomin raya koguna ne da ke amsa umarni daga Abuja ko Yamai, waɗanda ba a auna aikinsu da abin da ya isa ƙetaren iyaka.

Lagdo

Babu madatsar da sunanta ya shiga bakin 'yan Najeriya kamar Lagdo. Da an shiga Satumba za ka ji ana cewa Kamaru za ta saki ruwa. An gina ta tsakanin 1977 da 1982 da taimakon China, a kan Binuwai, wajen kilomita 50 daga Garwa, tana ba arewacin Kamaru wutar megawat 72. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Najeriya ta raba sama da miliyan 2 da muhallansu, bisa ƙididdigar hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. Duk shekarun biyu an saki ruwa daga Lagdo, kuma duk shekarun biyu aka tono maganar madatsar Dasin Hausa da aka ce Najeriya za ta gina a ƙaramar hukumar Fufore ta Adamawa don tare rarar ruwan, wadda har yau ba a gina ba.

A Oktoban 2022 ministan albarkatun ruwa na lokacin, Suleiman Adamu, ya gaya wa 'yan majalisar dattawa abin da ba su so ji ba. Ya ce gudummawar Lagdo a ambaliyar ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba, kuma babu wata rubutacciyar yarjejeniya a ma'aikatarsa da ta ɗora wa Najeriya gina Dasin Hausa. Akwai gaskiya a maganarsa. Bayan Lagdo, Binuwai yana karɓar Mayo Kebbi da Faro da Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala, kuma yawancin ruwan da ke isa Makurdi da Lakwaja daga waɗannan yake fitowa. Amma kashi 1 lissafin mutumin Lakwaja ne. Ga wanda gonarsa ke bakin kogi a Fufore ko Yola ko Numan, ruwan da aka saki cikin dare a kan kogin da ya riga ya cika shi ne bambanci tsakanin girbi da asara.

Shi ma mai kula da Lagdo ba mugunta ke sa shi ba. Aikinsa ya tara ruwan da zai ba Garwa da Marwa wuta har damina ta zagayo, don haka yana son tafki ya cika maƙil a ƙarshen damina. Idan ya saki ruwa da wuri a Agusta sannan sama ta ɗauke, shi za a tuhuma da duhun watan Afrilu. Idan ya riƙe kuma aka yi mamakon ruwa a Satumba, ba shi da zaɓi sai ya buɗe ƙofofi don kada ginin ya fashe, kuma na farkon da ruwan zai ci 'yan Kamaru ne na kwarin Garwa. Su ma sun yi asarar gonakin masakwa da suke shukawa bayan janyewar ruwa tun da madatsar ta hana kogi malala yadda ya saba. Abin da zai sa ya rage ruwa da wuri shi ne ingantaccen hasashen ruwan sama, da kuma wani ya ɗauki nauyin wutar da zai rasa. Ba a kai ga na biyun ba. Abin da aka samu shi ne takardar fahimtar juna ta 2016 kan sanarwa kafin a saki ruwa. A 2022 Najeriya ta yi ƙorafin sanarwar ba ta zo a kan lokaci ba. A Satumban 2024 kuwa NIHSA, hukumar da ke lura da ruwan koguna a Najeriya, ta shelanta tun da wuri cewa za a fara da kubik mita 100 a daƙiƙa, a riƙa ƙarawa sannu a hankali zuwa 1,000. Ci gaba ne, ko da yake sanarwar da ta tsaya a Abuja ba ta isa kunnen mai unguwa ba daidai take da babu.

Kafin mu yi ta nuna Kamaru da yatsa, a tambayi mutanen Mokwa da Lavun da Patigi abin da suke gani idan an buɗe Kainji da Jebba da Shiroro.

Hukuma mai takarda, hukuma mai makulli

Dokar duniya a kan wannan batu ba ta da wuyar faɗa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1997, wadda ta fara aiki a 2014 kuma Najeriya da Nijar duk suka shiga, ta tsaya a kan abu uku: kowa ya yi amfani da ruwa bisa adalci da hankali, kada ya jawo wa wani babbar illa, kuma ya sanar da maƙwabci kafin ya fara aiki, ya ba shi wata 6 ya yi nazari. Wuyar tana wurin aiki, domin na sama kullum adalci yake karantawa, na ƙasa kuma illa. Rikicin Habasha da Masar kan kogin Nilu a nan ya maƙale. Abin da ya bambanta yankinmu shi ne babu ƙasar da za ta iya riƙe karatu ɗaya. Hujjar da Najeriya za ta kafa wa Nijar a kan Kandaji, ita Nijar za ta juyo mata da ita a kan Jibiya da Tiga.

Hukumar da aka ɗora wa kogin Neja ta samo asali ne daga 1964, aka sake mata fasali a garin Faranah na Gini a Nuwamban 1980, hedikwatarta na Yamai. A 2008 ta samar da kundin ruwa wanda ya tanadi sanarwa, da mafi ƙarancin ruwan da dole a bari ya wuce, daga baya aka rataya masa ƙa'idar daidaita buɗewa da rufe manyan madatsu. Tana tattara ma'aunin ruwa, tana fitar da hasashe, tana nemo kuɗin ayyuka daga masu ba da lamuni. Amma ba ta mallaki madatsa ko ɗaya ba, ba ta da ikon cewa a buɗe ƙofa ko a rufe, kuma ta sha fama da ƙasashen da ba sa biyan kuɗin da aka yanka musu.

A kwatanta ta da ta kogin Senegal. Mali da Muritaniya da Senegal sun kafa hukumar kogin, OMVS, a 1972, ana tsakiyar fari, Gini ta shigo a 2006. Sun yi abin da ƙasashen kogin Neja ba su taɓa yi ba: suka ce manyan madatsu mallakar kowa ne, ko a ƙasar wa suke. Madatsar Diama ta 1986, wadda ke hana ruwan gishiri hawowa daga teku, da ta Manantali ta 1988 da ke cikin Mali, tare aka ci bashinsu, tare ake biya bisa gwargwadon amfanin da kowa ke samu. Wutar Manantali an raba ta a rubuce, Mali kashi 52, Senegal 33, Muritaniya 15. Akwai kwamitin da ke zama ya tsara nawa za a saki a kowane zango na shekara. A 1989 Senegal da Muritaniya suka yi mummunan rikici, aka kashe mutane, aka kori dubbai, aka yanke hulɗar jakadanci har 1992, amma hukumar kogin ba ta rushe ba. Ba za ka iya katse wa abokin gaba wutar da shi ma yana da hannun jari a injinta ba.

Ba wai can aljanna ba ce. Madatsun sun kashe noman bayan-ruwa na dubban talakawan kwarin, cutar tsargiya ta ɓarke a yankin Richard-Toll bayan Diama, kuma rikicin 1989 kansa yana da alaƙa da darajar da filayen bakin kogi suka yi bayan an datse shi. Haɗin kan gwamnatoci bai hana a danne masunci da makiyayi ba. Amma a tsakanin ƙasa da ƙasa, tsarin ya jure abin da cinikin wuta da ruwa na Najeriya da Nijar bai jure ba. Da a ce Najeriya ta sa kuɗi a Kandaji tun farko ta karɓi kujera a ɗakin da ake yanke shawarar sakin ruwa, da yau ba zato take yi ba game da abin da zai iso Kainji. Ban ga alamar hakan a kusa ba, ganin Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma amana tsakanin Abuja da Yamai ta yi rauni.

Abin da ke aiki har yanzu ƙarami ne, ba a kuma yi masa biki. A bakin kogi a Yamai akwai ma'auni mai zane-zanen santimita da ake karantawa kullum. Idan ruwa ya kai 530 an shiga gargaɗin farko, 580 na biyu, 620 kuwa jan gargaɗi ne. A Satumban 2020 ya kai wajen 700, shingen ƙasa ya karye, unguwannin ƙetaren kogi suka nutse, kuma a wannan daminar ce manoman shinkafar Kebbi suka tafka asara. Lambar da aka karanta a Yamai tana isa hannun masu hasashe a Najeriya kwanaki kafin ruwan kansa ya iso ma'aunin Jidere Bode a Kebbi, kuma da ita masu kula da Kainji ke sanin ko su fara rage tafki tun kafin ya matse su. Ita ma Yamai da lambar Ansongo a Mali da ta Kandaji take dogara, kuma waɗannan tashoshi biyu suna cikin yankin iyakoki uku ne na Mali da Nijar da Burkina, inda hare-haren masu ɗauke da makamai suka fi tsanani a duk faɗin Sahel.